Ranar da Murhu Ya Yi Shiru

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ɗuminta.

Ta ƙaraso, mu matsa mata ta zauna.

To, ku gyara zama.

A wani ƙauye can gindin dutse, a zamanin da komai na gida yake da bakin magana, an yi wani manomi ana ce masa Nomau. Mutum ne mai ƙarfi, ga garaje. In ya kama fartanya, sai ƙasa ta yi ta ba shi haƙuri. In ya ɗaure igiya, sai an sa wuƙa kafin a kwance. Matarsa kuwa, Tasalla, a hankali take yin komai nata.

Tasalla tana da murhu. Ba irin na duwatsu uku ba ne. Murhun yumɓu ne, da baki a gaba inda ake tura ice, da mazaunin tukunya a sama, da ɗan hanci a baya inda hayaƙi ke fita. Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce, ita ta zo har gidan ta gina mata shi da hannunta, kuma shi ne abu na ƙarshe da ta gina kafin ta rasu. Saboda haka murhun nan ba ya kiran Tasalla da komai sai Yaya. Yakan ce, "Ai uwarmu ɗaya. Ke ta haife ki, ni ta gina ni." Nomau kuma mijin Yaya yake ce masa, in sun haɗu su yi ta tsokanar juna yadda mutum ke yi da ƙanin matarsa.

Ana nan, ana nan, wata rana da damina aka aiko cewa ƙanwar Tasalla ta haihu a wani gari bayan rafi. Tasalla ta ɗaure kayanta, ta tsaya a bakin madafa ta ce, "Malam, ga wake a ƙwarya, ga kanwa, ga man gyaɗa. Waken na bara ne, sai ka jiƙa shi kafin ka ɗora. Murhun nan kuma ba ya son wuta mai yawa. Ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya ce ya isa, to ya isa."

Nomau ya yi dariya ya ce, "Tasalla, mutumin da ke nome gona kafin rana ta take, dafa wake ne zai gagare shi? Je ki abinki, ki gaida mai jego."

Ta tafi.

Nomau ya tafi gona. Ya yi noma, ya yi noma, ya yi noma, har rana ta karkata. Ya dawo gida yunwa na murɗa masa ciki. Jiƙa wake, ya manta. Kanwa, ya manta. Ya kwara wake a tukunya, ya kwara ruwa, ya ɗora, ya hura wuta. Ya ɗan zauna, ya tashi ya buɗe, ya latsa ƙwaya ɗaya. Kamar tsakuwa.

Sai ya rungumo kara, runguma guda, ya tura wa murhu a baki. Wuta ta tashi. Murhu ya ji ɗumi ya wuce yadda ya saba, sai ya kama waƙa:

"Mijin Yaya, mijin Yaya, sassauta,
Cikina yumɓu ne, ba ƙarfe ba,
Wake zai nuna in ka jira shi,
Mijin Yaya, sassauta."

Nomau ya ce, "Kai dai raggo ne. Ɗan karan nan kake wa waƙa?"

Ya ɗan zauna, ya tashi ya buɗe, ya latsa ƙwaya ɗaya. Kamar tsakuwa.

Sai ya je bayan ɗaki ya kwaso itacen marke busasshe, ya tura, ya tura, har bakin murhu ya cika. Wuta ta kama tana gurnani. Harshenta ya fito ta gefen tukunya yana lasar iska. Murhu ya sake waƙa, muryarsa ta fara rawa:

"Mijin Yaya, mijin Yaya, sassauta,
Cikina yumɓu ne, ba ƙarfe ba,
Wake zai nuna in ka jira shi,
Mijin Yaya, sassauta."

Nomau ya ce, "Kai kana zaune a inuwa tun safe, ni ina cikin rana. Yi mini shiru, yunwa nake ji."

Ya buɗe tukunya, ya latsa ƙwaya ɗaya. Kamar tsakuwa.

To, akwai itacen kirya jingine a jikin rumbu, wanda maƙerin garin ya roƙe shi ya saro masa don ya yi gawayi. Kun san kirya. Wutarta ce ke narka ƙarfe. Nomau ya dubi kirya, ya dubi tukunya, ya ce, "Yau sai na ga wanda ya fi wani taurin kai, ni ko waken nan." Ya faskara kirya, ya cusa, ya kawo faifai yana fifitawa.

Murhu baƙi ne, sai ya koma ruwan ƙasa. Daga ruwan ƙasa ya koma ja, ja irin na ƙarfe a maƙera. Zafi ya kori kaji daga tsakar gida. Ƙadangaren da ke kan katanga ya tsallake gidan maƙwabta. Ruwan tukunya ya ƙafe, ƙauri ya tashi. Murhu ya buɗe baki zai yi waƙa ta uku:

"Mijin Yaya, mijin Ya..."

Sai aka ji ƙas.

Daga nan shiru.

Nomau ya saki faifai. Ya ce, "Murhu." Shiru. Ya ce, "Ƙanin mata, wasa nake yi maka." Shiru. Ya sunkuya yana kare fuska da hannu, sai ya ga wani layi siriri kamar zare, ya taso daga bakin murhu ya bi gefensa har kusa da mazaunin tukunya.

Nan take yunwa ta bar shi. Ya tuna tsohuwar nan, mahaifiyar Tasalla, durƙushe a wurin, tana tari tana kwaɓa yumɓu, tana cewa a bar ta ta gama. Ya tuna yadda Tasalla ke gaida murhun nan kowace safiya kafin ta gaida kowa. Ya ce a ransa, da wane baki zan gaya mata?

Akwai Akuya a gidan, tun ɗazu tana ɗaure a turke tana hangen tukunyar wake. Sai ta ce, "Maigida, me kake jira? Wuta ce ta yi ɓarna, ruwa kuma shi ke kashe wuta. Sauke tukunyar nan ka ajiye ta nan kusa da ni don kada ta tare maka hanya, ka kwara masa tulu guda."

Nomau bai tsaya tunani ba. Ya sa tsumma ya sauke tukunya, ya dire ta gaban Akuya, ya sungumi tulu ya ɗaga sama. Ruwa ya zo bakin tulu ke nan, sai wata siririyar murya ta fito daga jinkar madafa.

"Ajiye tulun nan."

Zanzaro ne, wanda ya gina ɗan ɗakinsa na laka a jikin azara.

Ya ce, "Nomau, ni magini ne, da yumɓu nake kwana nake tashi. Yumɓu in ya yi ja haka, ruwan sanyi ya taɓa shi, tarwatsewa zai yi. Yanzu tsaga ɗaya ce ke damunka. In ka zuba ruwan nan, tsingaro za ka kwashe a ƙwarya."

Nomau ya sauke tulu a hankali. Ya ce, "To me zan yi?"

Zanzaro ya ce, "Zare icen nan ɗaya bayan ɗaya, ka kai waje ka rufe shi da ƙasa. Garwashin da ya rage ka bar shi ya mutu da kansa. Kada ka hura, kada ka fifita, kada ka taɓa."

"Sannan fa?"

"Sannan ka zauna."

"Zama kawai?"

"Zama kawai."

Nomau ya zare kirya, ya zare marke, ya kai waje ya rufe da ƙasa. Yana cikin haka Akuya ta miƙa wuya ta cusa baki a tukunya. Wake ƙonanne ne, zafinsa kuwa ba a magana. Ta zabura tana zagaya turke tana kuka, leɓenta ya kumbura. Shi ya sa har yau in kun ga akuya tana tuƙa, sai ku ga tana karkata baki gefe guda.

Nomau ya dawo ya zauna gaban murhu. A duniya ba abin da ya fi yi masa wuya kamar zama. Ya miƙa hannu zai taɓa, Zanzaro ya ce, "A'a." Ya tashi zai kwashe toka, Zanzaro ya ce, "A'a." Haka ya zauna ya rafka tagumi, yana kallon jan nan yana dusashewa kaɗan-kaɗan, har rana ta faɗi. Ranar bai sa komai a cikinsa ba.

Gari na wayewa ya nufi madafa. Murhu ya huce, toka ta yi fari. Tsagar tana nan. Ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, ƙanin mata." Shiru.

Akuya ta ce daga turke, bakinta a kumbure, maganar ma da ƙyar take fita, "Maigida, uwargida tana hanya. Kwaɓa laka ka shafe tsagar nan, ka goga mata baƙin tukunya. Kafin ta iso ta bushe. Ni ba zan faɗa ba, shi kuma ga shi ba ya magana."

Nomau ya ɗebo laka a bakin randa. Ya kwaɓa ta a tafin hannunsa, ya kai ta har jikin murhu. Sai ya tsaya. Ya ce a ransa, in tsagar nan ta shiga ciki fa? Wata rana Tasalla na zaune a gabansa, tukunya na tafasa, ya rushe a kan ƙafafunta. Ya dubi lakar, ya yarfar da ita, ya goge hannu a wando.

Ya ɗaga kai ya ce, "Zanzaro, so nake in san zurfin tsagar nan. In ya mutu, in san ya mutu."

Zanzaro ya ce, "Ƙuguna siriri ne, amma fukafukaina ba za su shiga ba. Je ka kira Gara. Ba ramin da ba ta shiga."

Nomau ya zaga bayan gida wurin suri, ya tsuguna ya yi sallama. Gara ta leƙo ta ce, "Yau kuma sallama? Ba kai ne kullum kake shure mini gini in za ka wuce ba?"

Ya ce, "Ni ne. Ki yi haƙuri, taimako nake nema." Ya kwashe labari ya gaya mata.

Gara ta ce, "Tsohon darnin nan naka na kara da ya kwanta, ka bar mini shi."

Ya ce, "Na bar miki."

Ya ɗauko ta a kan ɗan ganye ya kawo ta madafa. Gara ta hau jikin murhu, ta shinshina bakin tsaga, ta shige. Nomau ya riƙe numfashi.

Ashe Kazar gidan ta hango lokacin da aka shigo da ita. Ta taho tana taku ɗai-ɗai, ta tsaya daidai bakin tsagar, ta karkata kai ta zuba ido ɗaya.

Nomau ya jira, ya jira, ya gaji. Ya ce, "Gara, me kika gani?"

Murya ta fito daga ciki ta ce, "Na ga Kaza."

Ya kori Kaza. Ta zaga ta bayan randa ta dawo. Ya ce, "Gara, me kika gani?"

"Har yanzu Kaza nake gani."

Ya sake korar ta har ƙofar gida. Kafin ya juyo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta kai wa tsagar sara. Ƙwas. Sai wani ɓawo mai faɗin tafin hannu ya ɓalle daga jikin murhu ya faɗi ƙasa.

Nomau ya ɗora hannu biyu a ka. Ya rufe ido, ya kasa dubawa.

Gara kuwa tare da ɓawon ta faɗo, ta ruga ta haye ƙafar wandonsa, ta yi ta hawa har kafaɗa. Daga can ta ce, "Buɗe idonka ka duba."

Ya buɗe. Inda ɓawon ya tashi, jikin murhu ne sumul, ja kamar sabuwar tukunya. Babu layi, babu tsaga.

Gara ta ce, "Tsagar ba ta wuce kaurin farce ba. Shafen lakar da uwargida ke yi masa duk shekara ne ya fashe. Ginin ciki kuwa na bi shi na lalube, sama da ƙasa, ban sami inda zan sa ko ƙafa ɗaya ba. Wadda ta gina wannan ta iya."

Zanzaro ya ce, "Ɗauko muciya ka ƙwanƙwasa shi, kaɗan. Fasasshen yumɓu muryarsa a toshe take. Lafiyayye kuwa za ka ji yana amsawa."

Nomau ya ɗauko muciya. Mutumin da bai taɓa yin abu a hankali ba, ranar ya ƙwanƙwasa kamar mai tada jariri. Ƙwal. Ya koma gefe guda. Ƙwal. Ya zaga baya wajen hanci. Ƙwal.

Sai ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, ya saki wani dogon numfashi, ya ce, "Alhamdu lillahi." Yana rufe baki cikinsa ya yi ƙugi. Yunwar jiya ce ta dawo ta ce ga ni. Ya mayar da Gara surinta da hannunsa, ya jawo mata tsohon darni har bakin ƙofa.

Amma abu ɗaya ya rage masa a rai. Murhu bai yi magana ba.

Da la'asar sai ga Tasalla da ƙunshi a ka. Nomau ya tare ta tun a zaure. Bai bari ta sauke kaya ba, ya ce, "Tasalla, na yi miki ɓarna. Ban jiƙa wake ba, ban sa kanwa ba. Na sa wa murhunki kara, na sa marke, na sa kirya. Ya roƙe ni, na ƙi ji. Ya yi ja, ya yi ƙara, shafensa ya fashe. An duba an ce jikinsa lafiya, amma tun jiya bai ce uffan ba."

Tasalla ta sauke ƙunshi, ta wuce madafa, ta durƙusa. Ta shafa murhun da tafin hannu, gaba da baya. Ta kwashe toka. Ta karya kara biyu, biyu kacal, ta sa masa a baki, ta kunna. 'Yar wuta ta kama. Hayaƙi ya taru, ya bi hanyarsa, ya fita ta hanci a baya, bai ɓulla ta ko'ina ba.

Sai murhu ya yi tari. Ya sake yin tari. Ya ce da dusasshiyar murya, "Sannu da zuwa, Yaya. Ya mai jego?"

Tasalla ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta ce, "Lafiya lau, namiji aka samu. Kai fa, ya jiki?"

"Da sauƙi. Maƙogwaro ne ya bushe."

Nomau ya matso ya durƙusa gefenta. Ya ce, "Ashe kana ji na? Tun jiya nake kiranka, ban ci ba, ban runtsa ba."

Murhu ya ce, "Mijin Yaya, na yi maka magana sau uku ba ka ji ba. Sai na ce bari in gwada shiru, ko shi za ka fi ji."

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji shi kuwa."

Murhu ya ce, "Amma kada ka ɗauka ban tsorata ba. Da ka ƙara mini faskare ɗaya, ko da ruwan nan ya sauko mini, da yau tsingaro Yaya za ta tarar. Da ƙyar na sha."

"Ka yafe mini."

"Na yafe. Ka dai kai wa maƙeri kiryarsa, kada in sake ganin ta a gidan nan."

Tasalla ta dubi mijinta ta ce, "Malam, shafe ba komai ba ne, dama lokacin sabunta shi ya yi. Da ka lulluɓe ka ɓoye mini, wannan ne zai ɓata mini rai. Amma gobe kai za ka ɗebo lakar, kai za ka kwaɓa."

Ya ce, "Na yarda."

Ta wanke tukunya, ta tankaɗe garin dawa, ta ɗora ruwan tuwo. Ta ce ya zauna ya kula da wuta. Nomau ya zauna da kara ɗaya a hannu, ƙaton mutum gaban ɗan murhu, ya ce, "In ƙara?"

Murhu ya ce, "Tukuna."

Ya jira. Can ya ce, "In ƙara?"

"Ƙara ɗaya."

Ya ƙara ɗaya. Haka suka yi ta yi har tuwo ya nuna. Nomau ya ci malmala, ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya rantse tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin tuwo mai daɗin wannan ba. Tasalla ta ce tuwon kullum ne, yunwa ce ta yi masa miya.

Washegari ya ɗebo laka a fadama, ya kwaɓa, suka shafe murhu tare, Zanzaro na sama yana cewa nan ya yi kauri, nan bai ji ba. Murhu ya sha iska ya bushe, ya fito fes. Ya daɗe a gidan yana dafa musu abinci, har jikokinsu suka ci tuwonsa.

To, kun ji. Abin da ke yi maka aiki kullum, in ya ce ya gaji, ka saurare shi. In kuma ka riga ka yi ɓarna da garaje, kada ka gyara ta da garaje. Ka tsaya ta huce, ka duba da kyau, ka faɗa wa mai abu gaskiya. Sau da yawa za ka tarar ɓarnar ba ta kai tsoron da ka ji ba.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa toka. Ta ƙare a nan, kowa ya kakkaɓe zaninsa ya tashi.